Ɓarawon da Ya Naɗa wa Kansa Mai Shaida: Sharhi kan Ɓarakar Manhajojin Kasafin Kuɗi

A tsakiyar Disamban 2019, lokacin da akantoci a ko'ina ke fama da rufe littattafan shekara, kamfanin IBM na Amurka ya fitar da wata gajeriyar sanarwa game da manhajarsa mai suna Planning Analytics. Sanarwar ta ce duk mai amfani da ita, daga fitowa ta 2.0.0 zuwa ta 2.0.8, yana zaune da ɓaraka a gida. Mutumin da ba shi da suna a cikin manhajar, ba shi da kalmar sirri, zai iya shiga a matsayin admin, wato mai cikakken iko da manhajar, daga nan kuma ya ba kwamfutar da manhajar ke kanta duk umarnin da ya ga dama. An yi wa ɓarakar rajista da lamba CVE-2019-4716. A ma'aunin haɗari da masana tsaron intanet ke aiki da shi, wanda ke tashi daga sifili ya tsaya a 10, rumbun bayanan gwamnatin Amurka ya ba ta 9.8.

Labarin ya kwana biyu, kuma an yi wasu bayansa da suka fi shi ƙara. Na ɗauko shi ne saboda hanyar da ake bi a shiga ta wannan ɓaraka abu ne da ko wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai gane, sannan saboda wata hira da muka yi da ɗan ƙanwata a nan Sakkwato, wadda zan zo kanta.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa. Wata manhaja aikinta rubuta abin da ya riga ya faru: an biya wane, an karɓi kaza, ga bauca, ga rasit. Wata kuma tana riƙe ne da abin da ake niyyar yi. Planning Analytics tana cikin kashi na biyu. Tsofaffin ma'aikata har yau TM1 suke ce mata, sunan da ta taso da shi tun shekarun 1980. Ta zauna a hannun kamfanin Applix, Cognos ya saye Applix a 2007, IBM kuma ya haɗiye Cognos a farkon 2008. Oracle na da tasa mai suna Hyperion, SAP na Jamus na da BPC. Duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Ana jera lambobi ta fuskoki da yawa, wata-wata, sashe-sashe, da nau'in abin da za a kashe wa kuɗi, sannan a ɗaure su gaba ɗaya a jikin wasu 'yan ƙiyasce-ƙiyasce: dala za ta kai nawa baɗi, litar dizal nawa, mutum nawa za a ɗauka aiki, nawa za su yi ritaya. Da ka taɓa ƙiyasi ɗaya, dubban lambobi sun motsa. Ma'aikacin da ke shigar da lissafin sashensa sau da yawa Excel kawai yake gani a gabansa, bai ma san lambar da ya buga ta tafi wata kwamfuta a wani ɗaki ta zauna ba.

Duk wuri mai girman masana'antar siminti ta Kalambaina, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko ma'aikatar kasafi ta jiha, dole ya amsa waɗannan tambayoyi kowace shekara, ko da irin wannan manhaja, ko da wata, ko da tarin fayilolin Excel da ake turawa ta WhatsApp. Shi ya sa maganar ta shafe mu.

Ganuwar Sakkwato ta tafi, amma sunayen ƙofofinta sun zauna: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya. To, mu ƙaddara akwai mai tsaron ƙofa, mutumin kirki, ba ya barci, ba ya cin hanci. Tunda ba zai iya sanin fuskar kowa ba, sai aka sa masa ƙa'ida: duk wanda ya zo ya ce shi wane ne, ka aika a tambayi dattijon da sunansa ke rubuce a allon nan, in ya shaide shi ka buɗe. Ƙa'idar ba ta da laifi. Laifin shi ne an rataye allon daga waje, inda kowane mai wucewa zai iya wanke shi ya sake rubutu. Ɓarawo ya zo ya wanke sunan dattijo, ya rubuta na abokinsa. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi ne Ma'aji. Mai tsaro ya duba allo, ya aika, abokin ɓarawo ya ce ƙwarai Ma'aji ne. Aka buɗe masa. Da ya gama abin da ya kawo shi, sai ya wanke allon ya mayar da sunan dattijo kamar yadda yake.

Haka abin yake a cikin manhajar, kusan daki-daki. Tana da hanyoyi daban-daban na tantance mai shiga. Ɗaya daga ciki, wadda ake kira CAM, tana miƙa aikin tantancewar ne ga wata kwamfuta ta daban. Matsalar ita ce manhajar tana karɓar saƙon canza saitinta ba tare da ta tambayi wa ya aiko ba. Sai mai kutse ya aika saƙo ya ce daga yanzu a koma hanyar CAM, kuma ga adireshin kwamfutar da za a riƙa tambaya, wato tasa. Ya nemi shiga da sunan admin, kwamfutarsa ta shaide shi, ya shige. A cikin manhajar akwai wani ƙaramin yaren ba da umarni da aka tanada domin jawo bayanai daga wasu wurare, kuma a cikinsa akwai umarnin da ke sa kwamfutar kanta ta gudanar da aiki. Tunda ita manhajar tana gudana ne da iko mafi girma a kan na'urar, wanda ya riƙe ta ya riƙe na'urar baki ɗaya.

A lura, ba a fasa kalmar sirrin kowa ba. Ofishin da ke tilasta wa ma'aikata kalmar sirri mai haruffa 16 da canza ta duk wata, da ofishin da kowa ke amfani da ranar haihuwarsa, a gaban wannan ɓaraka duk ɗaya suke. Ma'anar 9.8 ke nan. Ana iya kai harin daga nesa, ba ya buƙatar wata gwaninta ta musamman, ba ya buƙatar suna a ciki, ba ya buƙatar wani ma'aikaci ya yi kuskuren danna wani abu. Kuma idan ya yi nasara, ana iya karanta komai, a canza komai, a tsayar da komai.

IBM ya toshe kafar a fitowa ta 2.0.9. Masana suna kiran irin wannan gyara da kalmar da mu ma muka sani daga bakin masu gyaran taya, wato faci. Sai dai ranar da faci ya fito ita ce ranar da ɓarayi ke samun taswira, domin mai ilmin abin zai ɗora tsohuwar manhaja gefen sabuwa ya ga inda aka liƙe, nan ya san inda ramin yake. Cikin 2020, 'yan watanni bayan sanarwar, masu binciken da suka gano ɓarakar sun wallafa cikakken bayani, aka kuma saka hanyar harin cikin Metasploit, wani akwatin kayan aiki na kyauta da masu gwajin tsaro ke amfani da shi, ɓarayi ma haka. A Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta buɗe jerin ɓarakokin da ke da shaidar an kai hari na gaske ta cikinsu, ta kuma umarci ma'aikatun tarayyar ƙasar su toshe su cikin wa'adi. Wannan ɓaraka tana cikin rukunin farko. Kusan shekara 2 bayan fitowar faci, a ƙasar da aka ƙera manhajar, sai da aka haɗa da umarnin hukuma.

Wani zai ce, to mene ne a ciki? Ai manhajar kasafi ba ta biyan kuɗi, ba asusun banki ba ce. Gaskiya ne, kuma wannan tunani shi ke sa a yi mata riƙon sakainar kashi.

Duk wanda ya taɓa zuwa Kara sayen sa ya san ciniki ya ginu ne a kan abin da kowa ya ɓoye a cikinsa. Mai saye bai faɗi iyakar abin da ke aljihunsa ba, mai sayarwa bai faɗi inda zai sallama ba, dillali na tsakiya yana auna fuskoki. Wanda ya san ƙarshen farashinka ya gama ciniki da kai tun kafin ka yi sallama. Manhajar kasafi nan ne kamfani ke rubuta ƙarshen farashinsa: nawa aka ware wa kwangila kaza, wane reshe za a rufe, albashin kowane mukami, bashin da za a ci da lokacin da aljihu zai yi zafi. Ga ɗan damfara kuma, jadawalin biyan 'yan kwangila kaɗai ya ishe shi. Ya san kamfani kaza na jiran miliyan kaza a wata kaza, sai ya rubuto takarda da tambarin kamfanin yana cewa sun canza asusu. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce a 2023 kaɗai irin wannan damfara ta saƙon imel ta ci fiye da dala biliyan 2.9 a ƙorafe-ƙorafen da aka kai mata.

Sannan akwai makullai. Manhajar ba ta rayuwa ita kaɗai. Kullum tana jawo lambobi daga babban littafin lissafi, da tsarin albashi, da na sito, kuma domin ta yi hakan ba tare da wani ya zauna yana buga kalmar sirri da tsakar dare ba, an ajiye mata makullan waɗannan wurare a jikinta. Wanda ya kama ta ya kama zoben makullan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba ya ƙara. Satar bayani takan fito fili, domin ɓarawon zai zo neman kuɗi. Kulle na'ura ma a take ake gani. Amma idan wani ya shiga ya ƙara naira kaɗan a kan ƙiyasin litar dizal, ko ya ƙara mutum 40 a adadin ma'aikatan wani sashe, ko ya ɗaga rufin wata kwangila, ya fita ya mayar da allo yadda yake, wa zai gani? Lambar za ta bazu cikin dubban lambobi, jimla ta tashi daidai, a buga, a kai gaban hukumar daraktoci ko majalisa, a amince. Daga ranar ta zama halal. Odita idan ya zo, abin da aka kashe zai auna da abin da aka amince, zai ga sun dace. Manhajar tana da rajistar da ke rubuta wa ya canza me, amma mai iko da na'urar baki ɗaya yana da iko da rajistar. Kuma irin wannan aiki ba sai daga wata ƙasa ba. Ɓarakar da ba ta buƙatar suna ta fi yi wa na cikin gida daɗi, shi da ya san lambar da za a taɓa kuma ba ya son sunansa ya fito. Da ɗan gari kan ci gari. Mu da muka sha jin labarin ma'aikatan bogi a takardar albashi bai kamata wannan ya zo mana baƙo ba.

Wanda yake ganin labarin 2019 ya tsufa, ga na kusa. A ƙarshen Satumban 2025 shugabannin kamfanoni da dama suka fara samun imel daga gungun masu kutse da ake kira Clop, suna cewa mun kwashe bayananku daga Oracle E-Business Suite, ku biya ko mu watsa. Wannan babbar manhaja ce ta lissafi da albashi da sayayya, 'yar uwar waccan ta kusa. Ranar 4 ga Oktoba, ranar Asabar, Oracle ya fitar da facin gaggawa na ɓaraka mai lamba CVE-2025-61882, ita ma 9.8, ita ma ba ta buƙatar suna ko kalmar sirri, ta shafi fitowa ta 12.2.3 zuwa 12.2.14. Masu binciken Google suka ce an fara shiga ta cikinta tun Agusta. Jami'ar Harvard ta tabbatar abin ya shafe ta, haka kamfanin jiragen sama na Envoy Air, jaridar Washington Post kuma ta sanar da kusan mutum dubu 10 cewa bayanansu sun fita. Clop ba su kulle na'urorin ba. Kwashewa suka yi, suka jira makonni, sannan suka nemi kuɗin fansa, kalmar da mu a wannan yanki ba ma buƙatar a fassara mana. Haka suka yi a 2023 da manhajar tura fayiloli ta MOVEit.

Bambancin labaran biyu yana da muhimmanci. A na IBM faci ya riga harin da aka sani, wanda aka cuta bayan haka jinkirinsa ne ya cuce shi. A na Oracle ɓarayi sun riga faci da makonni. Wanda ya liƙa facin a ranar da ya fito ya yi abin da ya dace, amma ga waɗanda aka riga aka shiga, ihu ne bayan hari. Faci yana toshe rami ne kawai. Ba ya fitar da wanda ke ciki, ba ya dawo da abin da aka kwashe, ba ya warware lambar da aka canza, ba ya canza makullan da aka kwafa. Mai kutsen da ya san aikinsa, da ya shiga yake haƙa wa kansa wata ƙofar ta baya. Saboda haka bayan faci akwai aiki na biyu, wanda ya fi wuya kuma aka fi tsallakewa: a koma baya a bincika tun daga ranar da aka san ramin a buɗe yake.

Akwai kuma wani ɗan layi a sanarwar Oracle da ya fi komai kama da halinmu. Facin gaggawar ba ya hawa sai a kan na'urar da ta riga ta karɓi facin Oktoban 2023. Wato wanda ya yi shekara 2 bai taɓa na'urarsa ba, ranar da wuta ta kama ba zai iya ɗaukar bokiti kai tsaye ba, sai ya fara biyan bashin gyaran da ya tara.

Yanzu ga hirar. Ɗan ƙanwata akanta ne a wani ofishi a cikin garin nan. Wata rana bayan la'asar, muna zaune ana jiran zafi ya sauka, na tambaye shi wace fitowa ce ta manhajar da suke tsara kasafi da ita. Ya yi dariya. Ya ce, "Kawu, wagga na'ura tun da anka aza ta ba wanda yat taɓa ta. Mai gida cewa ya yi kar a taɓa abin da ka aiki." Na ce wa ya aza ta? Ya ce wani kamfani ne daga Legas, sun yi wata 3 suna aikin, suka horar da mutum 6, suka tafi. A cikin shidan, biyu an yi musu canjin wurin aiki, ɗaya ya yi ritaya. Na ce masu kula da kwamfutocin ofishin fa? Ya ce su suna kula da imel da firinta da intanet, amma wannan ta sashen kuɗi ce, makullin ɗakin ma yana wurin darakta. Na ce kana iya shiga daga gida? Ya ce ƙwarai, tun lokacin kullen korona aka buɗe, domin mai gida ya riƙa dubawa idan yana Abuja.

Ban ga laifinsa ba, kuma ban ga wauta a maganar mai gidansa ba. Wannan shi ne abin da masu rubutu kan tsaron intanet daga nesa ba sa son karɓa: tsoron faci tsoro ne mai dalili. Manhajar kasafi ba kamar WhatsApp ba ce da za ka sabunta kana kwance. An ɗinka ta ne daidai jikin ofishin, da ƙa'idojin lissafi ɗaruruwa da wani ya rubuta ya tafi. Sabuntawa na iya karya ɗaya daga ciki, kuma wanda zai gyara yana nesa, sai an biya masa jirgi da otal. Inda ake yin abin bisa ƙa'ida, akwai na'ura ta biyu ta gwaji da ake fara liƙa facin a kanta. Ofishin da ya sha wuya kafin ya sayi guda ɗaya, kuma yake fama da dizal da batiran sola domin kar ta mutu a zafin Afrilu, ina zai ga ta biyu? Ga kuma lokaci. Sanarwar IBM a Disamba ta zo, ana rufe shekara. Ta Oracle a farkon Oktoba, daidai lokacin da ma'aikatu ke haɗa ƙiyasinsu domin gwamna ya kai wa majalisa kafin shekara ta ƙare. Ka je ka ce wa daraktan kuɗi a wannan mako a kashe na'ura kwana 2, ka ji amsar da zai ba ka.

Duk da haka, a ganina asalin ciwon shi ne manhajar marainiya ce. Sashen kuɗi ne ya saye ta, shi ke amfani da ita, amma ba ya karanta sanarwar tsaro, ba aikinsa ba ne. Sashen kwamfuta yana karantawa, amma ba ta cikin lissafin kayansa. Ɗan kwangila ya san cikinta, amma kwangilarsa ta ƙare. Sanarwar kamfani kuwa tana tafiya ne zuwa adireshin imel ɗin da aka rubuta ranar saye, wanda mai yiwuwa na wanda ya yi ritaya ne. Oracle yana fitar da facinsa na yau da kullum sau 4 a shekara, a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. SAP da Microsoft kuma ranar Talata ta biyu a kowane wata. Ranakun sanannu ne, ana iya rubuta su a kalandar bango. Abin da babu shi ne mutum guda mai suna wanda za a tambaya idan ranar ta wuce. Ko a Amurka, kamfanin Equifax ya bar facin da ya fito a Maris 2017 bai liƙa ba, aka shiga a Mayu, bayanan mutum miliyan 147 suka fita. Kuɗi ba su rasa ba.

Mu kuma muna da ƙarin kaya, wato dala. Manyan kamfanonin nan ba sa ba da faci sai ga mai biyan kuɗin kulawa na shekara, wanda a wurin Oracle yakan kai kashi 22 cikin 100 na kuɗin lasisi. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A cikin 2024 ta haura 1,500. Kwangilar da ba ta canza ko sisi a takarda ba ta ninka sau 3 a naira. Idan aka zo yanke kashe-kashe, layin da ke cewa kulawa da manhaja shi ne mafi sauƙin sokewa, domin ranar da aka soke shi babu abin da ke tsayawa. Na'ura na ci gaba da aiki lafiya lau. Hanyar samun faci ce kawai ta yanke, shiru, ba wanda ya ji. Wanda kuma ya sa manhajar da ba ta da lasisi tun farko, shi ba ya ma cikin lissafi.

Masu sayarwa za su ce maganin shi ne a koma haya, a bar manhajar a kwamfutocin kamfani can, su riƙa liƙa faci da kansu. Ga ƙaramin ofishin da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya mai wannan ilmi, ina ganin hakan ya fi na'urar da ke kulle a ɗakin darakta. Amma hayar ma da dala ce, tana buƙatar intanet da ba ya yankewa, kuma ranar da ka kasa biya ba faci kaɗai za ka rasa ba, har ƙofar shiga.

Doka ta riga ta tsaya a wurin, ko an sani ko ba a sani ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72, kuma tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Takardar albashi da ke cikin manhajar kasafi bayanan mutane ce. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet a 2024 shi ma ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da hare-haren intanet, daga kwana 7 zuwa awa 72. Sai dai agogon yana fara bugawa ne daga lokacin da ka sani, kuma ofishin da ba ya duba rajistar na'urarsa ba shi da ranar sani, sai dai ɓarawo ya rubuto masa.

Ba duk abin yi ne ke cin dala ba. Mafi girma a cikinsu kyauta ne: a janye na'urar daga fuskar intanet. Akwai shafuka irin su Shodan da aikinsu kawai zagaya intanet suna rubuta kowace na'ura da ƙofar da ta bari a buɗe, kuma ɓarawo ba ya neman Sakkwato ko Legas, jerin duk masu manhaja kaza yake nema, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da na'ura. Tunanin cewa wa ya san da mu a nan ba ya aiki a wurin da ba a duban suna. Idan mai gida na son dubawa daga Abuja, a yi masa keɓaɓɓiyar hanya mai tambayar shaida biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma bangon da ke cikin gida, bayan wata katangar, tsagewarsa ba ta kai ta wanda ke bakin titi haɗari ba. Bayan wannan, a rage wa manhajar iko a kan na'urar da take kai, makullan da ke jikinta kuma su zama na karatu kawai inda ba a buƙatar rubutu. A riƙa ajiye kwafi a wani faifai da ba ya haɗe da komai, kuma a taɓa gwada dawo da shi ko sau ɗaya, domin kwafin da ba a gwada ba zato ne. Duk takardar da ta ce an canza asusun ɗan kwangila, a kira shi a lambar da aka sani tun da, ba wadda ke jikin takardar ba.

Game da canjin lamba na ɓoye kuwa, maganin da na fi yarda da shi na tsofaffin ma'aji ne. Ƙiyasce-ƙiyascen da komai ya rataya a kansu ba su da yawa, shafi ɗaya zai ɗauke su: dala, dizal, adadin ma'aikata a kowane sashe, rufin manyan kwangiloli. A buga su a takarda ranar da aka amince, mutum biyu su sa hannu, a sa a durowa. Kafin a kai kasafi gaba, a ɗauko takardar a karanta ta gefen abin da ke allon kwamfuta. Aikin rabin awa ne, kuma mai kutse ba ya iya wanke wannan allon.

Bayan mako 2 ɗan ƙanwar tawa ya kira ni. Ya samu an buɗe masa ɗakin, ya karanto lambar fitowar, ta girmi facin ƙarshe da shekaru. Ya rubuta takarda zuwa ga darakta, darakta ya karɓa da kyau, ya sa aka rufe hanyar shiga daga waje a ranar. Game da sabunta kwangilar kulawa kuma, ya ce babu kuɗinta a kasafin bana, a saka a na baɗi. "To, Kawu, na saka," in ji shi. Na ce a ina ka saka? Ya ce a cikin ita manhajar mana, ƙarƙashin sauran kashe-kashe, layi na 14.